Gam ya saki a jikin kokobolo, banish ya ƙi bushewa: laifin katako ne ko na hannu?

"Salam oga. Na ɗan jima ina haɗa jita irin ta katako wadda ba ta lantarki ba, guda uku na yi duk da mahogani kuma babu wadda ta ba ni matsala. Wannan karon na samu kokobolo na baya da gefe, na haɗa fallen bayan guda biyu da gam ɗin Titebond kamar yadda na saba, bayan sati biyu sai layin tsakiya ya buɗe ta ƙasa. Na kuma gwada banish a kan wani guntu da ya rage, yau kwana tara yana danƙo. Wasu sun ce in wanke da asiton, ruwan nan mai narkar da maiƙo, wasu sun ce sai gam ɗin efoksi kawai. Katakon ne ba shi da kyau ko ni ne? Gefen ma ban lanƙwasa ba tukuna, tsoro nake ji."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka abu uku ne ke damunka, haɗin da ya buɗe, banish da ya ƙi bushewa, sai lanƙwasar da ke gabanka, kuma duka ukun man da ke cikin katakon aka saba ɗora wa laifi. To a banish ɗin gaskiya ne, man ne. A lanƙwasa man ma taimakonka zai yi. Amma a maganar gam, wadda ita ce babbar, ni a abin da na gani da hannuna yawanci ba man ne mai laifi shi kaɗai ba, tsohuwar fuska ce da haɗin da bai zauna ba, mahogani ya daɗe yana rufa maka asiri ne kawai shi kuma kokobolo ba ya rufa wa kowa.

Wane irin mai ne wannan?

Ba mai bane irin wanda aka zuba aka jiƙa katako da shi. Wasu sinadarai ne masu kama da ƙaro da bishiyar ke tarawa a cikin zuciyarta don kare kanta daga gara da ruɓewa, su ne ke ba shi wannan launin ja da ruwan lemo da baƙi, su ne ƙanshin da kake ji in kana yanka, kuma su ne ke toshe maka sanfefa cikin minti biyu. Kokobolo ɗan gidan itatuwan rozwud ne da ake kira Dalbergia, daga Amurka ta Tsakiya yake zuwa, irin su Nikaraguwa da Kosta Rika da Fanama da Meziko, kuma nauyinsa ya kai a jefa shi a ruwa ya nutse. Rozwud na Indiya ɗan gidan ne shi ma amma ya fi shi sauƙin kai nesa ba kusa ba. Akwai baƙin katakon nan na Tanzaniya da Mozambik da ake yin abin busan nan kilarinet da shi, shi ma Dalbergia ne, tauri kamar ƙarfe. Eboni kuma daban yake, dangin kanya ne, mutane na haɗa shi da waɗannan amma matsalarsa ba maiƙo bace sosai, tauri ne da saurin tsagewa.

Abin da nake so ka riƙe shine matsala biyu ce a haɗe, maiƙo da kuma matsewar jiki. Mahogani yana da laushi, yana shan gam, in akwai ɗan gibi a haɗinka ka matse da kilam, wato abin matse katako, sai ya ɗan ba da kai ya rufe. Kokobolo ba ya sha, ba ya ba da kai. In fuskokin biyu basu haɗu da kansu ba tun kafin gam, ƙarfin kilam ne kawai ya riƙe su, ka cire kilam kuma katakon ya fara ƙoƙarin komawa yadda yake, yau da gobe sai ya yi nasara.

Maganar gam

Titebond da gam ɗin fata, wanda ake dafawa daga fatar dabba, duk ruwa ne tushensu, sai sun jiƙa fuskar katako sun baje a kanta kafin su kama. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki guntun kokobolo da ya kwana biyu a ajiye ka ɗiga masa ruwa ɗigo ɗaya, zaka ga ya dunƙule ya zauna kamar a kan leda. Yanzu kankare wajen da makankari ko ka bi shi da filen sau biyu ka sake ɗigawa, sai kaga ruwan ya baje. Katako ɗaya ne, man da ke cikinsa bai je ko'ina ba, fuskar ce kawai ta zama sabuwa. Da zarar ka buɗe sabuwar fuska man zai fara tasowa a hankali kuma iska na taɓa shi, shi yasa hatta littafin katako na cibiyar binciken kayan daji ta Amurka da ke Madison ya ce a gyara fuskar katako cikin awa 24 kafin a sa gam, wannan ga katako gabaɗaya kenan. Ni a kan kokobolo bana bari ya wuce minti goma sha biyar, sai na jera kilam da gam da tsumma komai a gabana tukuna, sannan in yi shafar filen ta ƙarshe.

Na koyi wannan ne da asara. Na taɓa gyara haɗin baya da yamma, ya yi kyau har ina jin daɗin kaina, na ce bari in bari sai da safe in sa gam da natsuwa. Jitar ta gama haɗuwa, ta yi wata uku, sai ga layi kamar gashi a tsakiyar baya. Da na buɗe na ga gam ɗin yana nan yana sheƙi a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma fes kamar ba a taɓa shafa masa komai ba.

Kai ma je ka duba naka haka, da fitila da gilashin ƙara girma in kana da shi. In gam ya ɓare tas daga gefe ɗaya, bai kama bane, ko tsohuwar fuska ko maiƙo. In ka ga gam mai kauri a wajen da ya buɗe, gibi ne ya kasance a wajen tun farko. In kuwa ka ga zaren katako ya yage ya biyo gam ɗin, ko tsagar ta kauce daga layin ta shiga jikin katako, to gam ya yi aikinsa, katakon ne ya motsa, kuma wannan maganar danshi ce zan zo kanta. Tunda ka ce ta ƙasa ya buɗe, zargina na farko gibi ne, domin ƙarshen katako nan ne filen ke yawan zamewa ya ci fiye da kima, musamman in da sanfefa ka daidaita gefen, ita sanfefa tana zagaye baki ne ko ka so ko ka ƙi. Haɗa fallen biyu ba gam ka ɗaga su saitin haske, in ka ga ko ɗan siririn haske ya ratso to bai yi ba, koma. Gara a samu ɗan gibi kamar ba komai a tsakiya da a same shi a ƙarshe.

To asiton fa? Nan masu sana'ar suka rabu biyu kuma an daɗe ana musu. Masu so suna cewa yana kwashe man saman. Masu ƙi suna cewa yana narkar da man ne ya jawo na ciki waje, ya bushe ya bar maka shi a shimfiɗe. Duka biyun na gani da idona, bambancin a yadda aka yi ne. In ka jiƙa tsumma ɗaya sharkaf kana ta gogawa gaba da baya, fenti kake yi da mai. In zaka yi, farin tsumma mai tsabta, shafa ɗaya ta gefe ɗaya, juya tsumman, sake shafawa, bar shi ya bushe 'yan mintuna, sa gam nan take. Kar ka ce sai tsumma ya daina yin ja, a kokobolo ba zai daina ba har ka ƙarar da kwalbar. Ni dai inda filen ko makankari zai iya shiga bana taɓa asiton, sai a wajen da ba dama. Kuma yana kama wuta da sauri, a buɗe taga.

Efoksi yana kama katako mai maiƙo da kyau, wannan ba ƙarya bane, kuma ba ruwa a cikinsa shi yasa wasu ke manna allon yatsu da shi don kar wuyan jita ya sha ruwa ya kantare. Amma ka sani shi akasin sauran ne, yana son fuska mai ɗan kaushi, a bi ta da sanfefa mai lamba 80 ko 120, kuma ba ya son matsi da yawa, in ka matse shi kamar Titebond zaka tatse shi duka haɗin ya zauna da yunwa. Abin da ya sa bana gaggawar zuwa gare shi shine ranar gyara. Jita abu ce da za a buɗe wata rana, ko kai ko wani bayan ka, gam ɗin fata da ɗan zafi da danshi yake saki a goge a sake, efoksi kuwa sai an sha wahala kuma dole a kankare shi kaf kafin wani gam ya kama. A haɗin tsakiyar baya wanda ba mai niyyar buɗewa, in hankalinka ya fi kwanciya da efoksi ba zan hana ka ba. A jaki kuwa, wato inda tsirkiyoyi ke ɗaure a fuskar jita, ni gam ɗin fata nake sawa, a ɗumama shi wajen digiri 60 a kuma ɗumama katakon kaɗan don kar ya daskare kafin ka matse. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan abin da ya kai kilo 70 dare da rana, gam irin Titebond in ya ji zafi, misali an bar jita a mota cikin rana, yakan yi laushi ya fara ja da baya a hankali, na fata ba ya wannan.

Kar ka yarda da ni ma. Yanka guntaye shida daga ragowar katakonka, biyu ka manna da sabuwar fuska, biyu da asiton, biyu da fuskar da ta kwana, bar su kwana biyu ka sa a bakin benci ka buga da guduma. Wanda katako ya yage shine hanyarka. Kokobolo kala-kala ne, wani falle a bushe yake kamar rozwud na Indiya wani kuma har yatsa yake ɓatawa, naka ne zai gaya maka.

Danshi

Irin wannan katako a hankali yake bushewa ƙwarai, kuma sau da yawa ana sayar da shi an shafe shi da kakin zuma ko na kyandir don kar ya tsage a hanya, sai mutum ya ga samansa garau ya ɗauka ya bushe. Ana haɗa jita ne a ɗakin da danshin iskarsa ke wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. In ba ka da abin auna danshin katako, sikelin kicin ya isa, auna fallen ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir, duk sati ka sake, sai ya daina raguwa sati uku a jere sannan ka taɓa shi. Ajiye shi a jere da ƙananan sanduna a tsakani da abu mai nauyi a sama. Sannan duba bakin katakon, in layukan shekara a tsaye suke to ka yi sa'a, in a kwance suke ko sun yi baka, irin wanda ke ba da zanen nan mai ɗaukar ido, wannan yana motsi kusan ninki biyu na mai tsayayyen layi, kuma abin haushi shi ne mutane suka fi rububi.

Gyaran naka in baka sa sandunan ciki ba tukuna mai sauƙi ne. Kar ka ɗura gam a tsagar ka matse, sabon gam ba ya kama tsohon Titebond da kyau. Raba shi gaba ɗaya a kan layin, gyara bakin biyu da filen mai kaifi, gwada a haske, manna nan take. Zaka rasa milimita biyu ko uku na faɗi, yawanci akwai rara. Daga ciki kuma ka bi layin da siririn sufurus, farin katakon da ake yin fuskar jita da shi, wanda jijiyarsa ta gitta ta haɗin, shima ka kankare wajen kafin ka manna.

Lanƙwasa gefe

Kwantar da hankalinka, kokobolo mai miƙaƙƙiyar jijiya yana cikin masu daɗin lanƙwasa, da ya ji zafi ƙaron cikinsa ke narkewa sai kaji ya saki a hannunka kamar roba. Sauke kaurin zuwa milimita 2 ko 2.2, zafi wajen digiri 150 ko da bargon zafi kake yi a kan ƙwarangwal mai siffar jita ko da bututun ƙarfe. Ruwa kaɗan, fesawa ɗaya, kar ka jiƙa shi a baho, ba ya sha kuma yawan ruwa ke sa shi ya yi tudu da kwari ta faɗinsa. Naɗe shi da takarda mara rubutu sannan falle na alminiyom, domin zai yi gumi, wani baƙin ƙaro zai fito yana tafasa ya bushe a kai, ranar farko da na gani na ɗauka na ƙona shi, ashe makankari ne kawai zai kwashe. In babu takardar kuwa a jikin ƙarfenka zai manne ya ɓata maka katako mai haske da zaka lanƙwasa gaba. Fara da ƙugu, wato inda jikin jitar ya tsuke, a hankali, kar ka tilasta, in bai saki ba zafi ne bai ratsa ba. Ka bar shi ya huce a cikin ƙwarangwal ɗin har gobe. Inda ake karyawa shine wajen da jijiya ta kauce ta fita ta gefe, sai ka duba tun yanzu ka juya fallen yadda wannan wajen ba zai faɗo a ƙugu ba. Eboni da wani katakon da ake kira zirikote sun fi shi saurin karyewa, in wata rana ka kai kansu ka ƙara sirantawa.

Kayan aiki ba sai na ja ba. Wasa baki akai-akai, filen ya zama mai tsayayyen kusurwa ko kuma ka koma makankari gaba ɗaya, shine abokin wannan katakon. Duk ramin sukuru a fara huda shi.

Banish

Banish mai tushen mai ba bushewa yake kamar ruwa ba, iskar oksijin yake sha ya daskare, su kuma sinadaran kokobolo aikinsu kenan hana wannan, shi yasa kwana tara yana danƙo kuma in ka ba shi wata ma kusan haka zaka same shi. Goge shi kawai. Maganin shine shelak, wani ƙaro da ake narkarwa a shafa wa katako, wanda aka cire masa kaki, shi da barasar da aka narkar da shi ta tashi ya bushe, babu ruwansa da abin da ke ƙasa, kuma kusan komai na kama shi. Shafi biyu ko uku marasa kauri, sannan ka ɗora abin da kake so, laka, wato ruwan sheƙin nan da ake fesawa, ko banish ɗin ma, bayan ka gwada a guntu.

Sai dai tarko ɗaya. Barasar na narkar da launin katakon, in ka ja tsumma daga kokobolo ka haye kan farin zagayen bakin jitar ko fuskar sufurus ka shafa musu ja kenan, kuma ba ya fita da daɗi. Fara rufe masu hasken su kaɗai da ƙaramin buroshi, su bushe, sannan ka zo kan mai duhun da shafa ɗaya ba komowa, kana sauya tsumma. Ƙurar sanfefa ma haka take shiga farin katako, shi yasa a zagayen baki makankari nake ƙarewa da shi. Ƙananan ramukan jikin katakon kuma sai an cike su in kana son sheƙi kamar madubi, siririn efoksi na yi, garin famis, dutsen nan mara nauyi na aman wuta, da shelak na yi in kana da haƙuri.

Jikinka

Wannan ban so ka tsallake. Kokobolo na cikin katakon da suka fi tayar da borin jiki, kuma yadda yake yi shine yaudarar, karo na farko da na biyu lafiya lau, jiki na tarawa, wata rana sai ƙaiƙayi a tsakanin yatsu da wuya da fatar ido, ƙuraje, atishawa, wani har numfashi. In ya kama ka yawanci ya zauna kenan, na san wanda ya bar taɓa duk dangin rozwud saboda haka bayan ya tara katakon da zai yi shekaru yana aiki da shi. Takunkumi na gaske mai matatar ƙura ba na takarda ba, riga mai dogon hannu, injin zuƙar ƙura a bakin aiki, in ka gama ka yi wanka ka cire kayan kar ka zauna da su, gumi da ƙura a haɗe su ne suka fi cin fata. Sartsensa ma a cire da wuri, yana saurin yin ruwa. In ka ga kumburi ko ƙirji ya riƙe ka ajiye aikin ka ga likita, wannan ba fannina bane.

Ko ya cancanci wahalar? A kunnena jita mai bayan kokobolo tana da amo mai tsawo da ƙasa mai zurfi, amma kunne ba sikeli bane kuma ido na taya shi ji. Antonio de Torres, shahararren mai haɗa jita na Sifen, ya yi jita a 1862 da baya da gefe na kwali don ya nuna fuskar ce ke yin yawancin aikin, tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Kamfanin Martin ma ya bar rozwud na Brazil ya koma na Indiya a 1969 kuma ba a daina son jitarsu ba. Abin da zan ce ka kula shine nauyi, kar ka bar bayan da kaurin da ka saba a mahogani, rage shi kana lanƙwasawa a hannu kana ƙwanƙwasawa, in ba haka ba zaka samu jita mai kyan kallo mai nauyin tsiya.

Takardun katakon kuma ka adana su. Rozwud na Brazil yana rukunin farko, mafi tsauri, na yarjejeniyar CITES mai kayyade cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 1992, sauran Dalbergia duka har da kokobolo suna rukuni na biyu, an game su gaba ɗaya a farkon 2017, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka gama haɗawa, ban da na Brazil. Ɗanyen falle irin wanda ke hannunka sassaucin bai shafe shi ba in zai tsallaka iyaka.

Ban riƙe bayan jitarka a hannu ba, duk abin da na ce kan dalilin buɗewar zato ne daga bayaninka, tsagar ce zata tabbatar. Duba ta yau, ɗora fallen a sikeli, manna guntayen gwajin nan shida, gefen kuma yanko siririn tsiri daga rarar faɗinsa ka fara lanƙwasa shi tukuna ka ji inda yake saki.